Shekarar da Muka Shayar da Albasa da Man Gyaɗa

Kwanakin baya ina zaune bakin rumfata ina wanke nozul, ɗan ƙarfen nan mai fesa mai a cikin inji, a cikin gwangwani, sai na jiyo ku, samarin da kuka dawo hutu daga makarantun birnin Madani, kuna cewa gyaran wabur ai ba aiki ba ne: a zuba mai, a murɗa, ruwa ya fito. Bashir ɗan ƙanwata har ya ƙara da cewa nan ba da daɗewa ba za a daina neman irinmu, tunda lantarki yana tafe. Ban tanka ba ran nan, don hannuna yana cikin mai. Yau tunda kun zo shan shayi, ku gyara zama ku ji.

Wabur dai kun san shi, injin ban ruwa ne da ke zaune a gaɓar bahar, kogin nan namu, yana ɗaga ruwa zuwa lambuna. Jaz kuma shi ne man da yake sha. Tsakanin waɗannan biyun na yi rayuwata, daga ƙauyukan da ke ƙasa da Sinja har zuwa wajen garin Hajj Abdalla, kuma babu gaɓar da ba a san Usta Haruna ba.

Na shiga sana'ar a farkon shekarun casa'in, ina da mata da 'ya ɗaya. Kafin nan cirar auduga nake yi a gonakin Jazira, rana ta fito a kaina ta faɗi a kaina. Wani direban babbar mota ne ya haɗa ni da Usta Awad, gwanin gyaran wabur a Sinja, wani gajeren Balarabe mai yatsu uku a hannun hagu. Ranar da na je na sa jallabiyata mai kyau. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ɗaga hannun nan nasa, ya ce bel ɗin inji ne ya ci sauran biyun, kuma da hannun riga ya fara kamawa. Ya ce in koma gida in sako abin da ba ya lilo. Wannan shi ne karatuna na farko.

Wata uku ban taɓa inji ba. Aikina tace jaz. A lokacin ma man wahala yake yi, da takarda ake samunsa, kuma yakan zo da laka da ruwa a ƙasan ganga. Usta Awad yakan sa a jingine ganga ta kwana biyu ba a motsa ta ba, sannan in zuƙo na sama da tiyo, in tace shi ta cikin tsohon rawani da aka ninka huɗu. In ya ga digo ɗaya a ƙasa, sai ya sa in durƙusa in nuna masa inda digon ya fito. Ni a lokacin gani nake wulaƙanci ne. Sai daga baya, da ya buɗe mini nozul ya nuna mini ramin da man ke fita, wanda bai kai kaurin gashin doki ba, na gane abin da nake tacewa dominsa.

Injinan wancan zamani manya ne, masu fistin ɗaya da ƙafafun ƙarfe biyu masu nauyi a gefe, suna tafiya a hankali, tuf, tuf, tuf, har mutum ya iya ƙirga bugunsu. Da hannu ake tayar da su. Ka sa hannun tayarwa, ka murɗa har ƙafafun su ɗauki gudu, ka saki ƙarfen matsi, ka zare hannun da sauri. Wanda ya yi jinkirin zarewa, haƙoransa ne za su ba da labari. Na ga mutum biyu da hakan ta faru da su.

Aikin farko da aka aike ni ni kaɗai, lambun Alhaji Dauda ne, a ƙauyenmu. Ɗan baffana ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, Yaya nake ce masa. Yana da lambun ayaba mafi girma a gaɓarmu. Injinsa yana tashi lafiya, bel yana juyawa, amma ruwa ya ƙi fitowa. Na kwance famfon gaba ɗaya, na baje ƙarafa a kan buhu, na sake igiyar da ke toshe iska, na mayar, na cika bututu da ruwa, na tayar. Shiru. Na sake kwancewa. Tun hantsi nake abu ɗaya har aka kira la'asar, mutane sun taru suna kallo. Sai ga Usta Awad a bayan wata motar tumatir. Bai ko dubi ƙarafan da na baje ba. Ya tuɓe, ya shiga ruwa har ƙirji, ya lalubi bakin bututun da ke cikin kogi, inda bawul ɗin da ke riƙe ruwa yake, ya zaro wani guntun kara da ya maƙale ya hana shi rufuwa. Ya fito ya miƙa mini karan, ya ce daga yau in aka ce babu ruwa, in fara daga inda ruwan yake.

Bayan sati biyu Yaya Dauda ya dawo daga Madani da saitin sifana a cikin jakar fata, ya ajiye a gabana, ya ce mutum ba ya zama usta da kayan aro. Ga su can a rataye, saura bakwai. Da su da filaya, da guduma ƙarama da babba, da ƙusa mai tsini da na wasa da kaina don goge bakin nozul, da dogon sukudireba wanda nake ɗora bakinsa a jikin inji in kara kunnena a ƙotarsa, su ne duka kayan aikina. Ta wannan sukudireban nake jin ko ringi ya saki, ko bawul yana bugu, tun ban kwance ƙusa ɗaya ba.

Abin da ba ku gani shi ne bahar ba ya zama wuri ɗaya. Da damina ya cika ya yi ja, ya ɗauko laka daga tsaunukan Habasha, lakar nan tana cin fankar famfo kamar zarto. Da rani ya yi ta ja da baya, kullum gaɓa tana ƙara tsayi. Inji kuwa yana da iyakar zurfin da zai iya zuƙowa. Don haka a shekara sau uku ko huɗu ake saukar da shi mataki-mataki ana bin ruwa, a sake haƙa masa mazauni, a daidaita shi da igiya don kada bel ya karkace. Sannan in ruwa ya fara dawowa a ɗauke shi da gaggawa a hau da shi. Akwai shekarar da na yi kwana goma sha ɗaya a jere ina hawa da injinan mutane, kuma duk da haka guda biyu sun nutse, sai da ruwa ya janye muka tono su cikin laka.

Masu lambu kuma iri-iri ne. Akwai wanda zai rantse maka bai taɓa injin ba, alhali ga sawun filaya a kan kowace ƙusa. Akwai wanda ba ya sake baƙin mai sai ya koma kamar kwalta. Akwai mai aiko maka tun injin yana tari, akwai mai jira sai ganyen tumatirinsa ya kwanta sannan ya zo a guje yana kiran sunan mahaifinka. Duk ka je, don shukar ba ta san halin mai ita ba.

Sai aka shiga shekarun fetur. Ku kuna ƙanana, ba za ku tuna yadda abin ya sauya ba. Ƙasar ta fara haƙo manta, jaz ya wadata a kowane gidan mai, ba takarda ba layi. Raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta cika Madani da Sinja, aka shimfiɗa kwalta, masu shago suka sayi janareta da firji, matasa suka bar jaki suka hau babur. Aka fara shigo da sababbin injina daga Sin, ƙanana, masu gudu, mutum huɗu sun ɗauka, kuma suna ba da ruwa ninki biyu na tsofaffin. Suna shan mai da yawa, kuma sai mai tsabta, amma wa ya damu a lokacin? Ni da bakina na ce wa Yaya Dauda ya rabu da tsohon ya sayi sabo. Ya saya. Tsohon dai ya ƙi sayar da shi ga masu narka ƙarfe, ya sa aka ja shi ƙarƙashin mangwaro aka rufe da buhuna.

Da sabon injin nan ruwa ya yi wa ayabarsa yawa. Ƙauyen kuwa ya ƙaru, 'ya'ya sun yi aure, filin gado ya tsattsage. Sai ya yarda aka ja magudana ta tsakiyar lambunsa zuwa filin da ke bayansa, inda gidaje kusan talatin suka yanka ƙananan gonaki suna dasa albasa da sanyi. Suna haɗa masa mai, yana ba su ruwa. Albasar nan ita ce tufafin gidajen, ita ce maganinsu, ita ce makarantar 'ya'yansu, har da wasunku da ke zaune a nan.

A kasuwar Madani akwai wani tsoho ɗan asalin Indiya da nake sayen kayan gyara a wurinsa. Wata rana ina yi masa ba'a cewa tsofaffin injinan da yake sayar da kayansu sun zama tarihi, sai ya ce a ƙasar kakanninsa har yanzu ana ƙera su, don mutane sun yi yawa, man ƙasar bai isa ba, daga waje suke sayo mafi yawansa. Ya ce ƙasar da kowane gida a cikinta ya tashi neman firji da fanka da abin hawa a lokaci ɗaya, ga masana'antu suna jira, to ganga ɗaya duk za su sa wa baki, kuma manomin da ke bakin kogi shi ne na ƙarshe a layi. Na yi dariya, na ce mu ai namu a ƙarƙashin ƙasarmu yake. Ya naɗe mini kayana ya miƙo mini.

Da Kudu ta rabu da mu ta zama ƙasar kanta, mafi yawan rijiyoyin man suka tafi da ita. Ba a ji abin nan take ba. Sai a rani na biyu ya iso gaɓarmu da ƙarfinsa. Jaz ya yi tsada, sannan ya fara ɓacewa a yankinmu. Ka je gidan mai ka tarar da manyan motoci da tarakta da bas-bas sun yi layi, masu jarka a gefe, a yini a watse ba a samu ba. Wayoyin lantarki kuwa suna wucewa ta saman gonakinmu daga madatsar ruwa zuwa manyan birane, muna jin ƙararsu in an yi raɓa, amma ko ɗaya ba ta sauko mana ba a lokacin.

Yaya Dauda ya samo ganga ɗaya a hannun wani mutum a bakin hanya, wanda ba mu sake ganinsa ba. Ina Hajj Abdalla a ranar, ba a jira ni ba, aka zuba. Injin ya yi sa'a biyu ya tsaya. Da na dawo na zuba man a tafin hannuna na shinshina, na ga an haɗa shi da ruwa da kananzir da wani abu mai ja da ban sani ba. Na buɗe famfon man injin, na tarar ya ci kansa, ƙarfe ya kama ƙarfe. Na je Madani, na zaga Sinnar, na aika Khartum, babu kayan. Ko da an samu ma, babu man da za a zuba.

Albasa a lokacin ta fara ɗaura kai, lokacin da ba ta haƙurin ƙishi. Saura kamar sati shida a cire ta. Kwana biyar ba ruwa, bakin ganyen ya fara yin fari. Mata da maza suka koma ɗibar ruwa da jarka a kan jakuna, amma daga gaɓa zuwa filin akwai nisa, abin da za ka zuba da safe kafin azahar ƙasa ta shanye ta tsage.

Na hau mota zuwa Sinja wurin Usta Awad. Ya tsufa, idanunsa sun tafi, yana kwance a kan gadon igiya a zauren ɗansa. Na ba shi labari. Ya tambaye ni ko tsohon injin Dauda yana nan, na ce yana nan ƙarƙashin mangwaro. Ya tambaye ni me mutanen ƙauyenmu suke da shi a rumbu. Na ce dawa kaɗan, sai gyaɗa, don an samu gyaɗa a bana. Sai ya ce yana saurayi ya ga ubangidansa ya tafiyar da irin injin nan da man auduga har kusan wata guda. Ya ce sabon inji ba zai karɓa ba, amma tsohon zai sha, in an cika masa sharuɗɗa uku: a tace man sosai, a ɗumama shi ya tsinke kafin ya shiga, kuma a tayar da jaz a kashe da jaz, don in man gyaɗa ya huce a cikin bututu, sai an kwance komai. Ya kama hannuna da yatsun nan nasa uku, ya ce in shirya wanke nozul har in gaji da ganinsa.

Kwana uku na yi a kan tsohon injin. Kaji sun yi ƙwai a cikin tankin ruwansa, zanzaro ya gina a bakin iska, fistin ya kafe. Na jiƙa shi da kananzir, na sa itace ina bugu a hankali har ya motsa. Ringi na samu a wurin tsohon nan na Madani, wanda ya miƙo mini su bai tuna mini da maganarmu ba. Gasket, shimfiɗar nan da ke hana yoyo tsakanin ƙarfe da ƙarfe, na yanka da kaina. Na samo siririn bututun jan ƙarfe daga wani mataccen firji, na naɗe shi zagaye bakwai a jikin salansa, yadda man zai bi ta cikin zafi kafin ya isa inji. Na ɗaura tanki biyu, ƙarami na jaz, babba na man gyaɗa, da makunni a tsakaninsu. Jaz ɗin kuwa daga gangar nan mai ha'inci na samo shi: na jingine ta, na zuƙo na sama, na tace ta cikin rawani, na tsira da jarka ɗaya da rabi.

Da kwalba biyu na man girkin gidana na gwada. Ya tashi da jaz, na bari ya yi zafi, na juya makunni. Ya yi tari sau biyu, ya yi kamar zai mutu, sai ya daidaita. Hayaƙin da ya fito ƙamshin suyar ƙosai yake yi. Ruwa ya hau bututu ya zubo a magudana.

Da la'asar aka taru a inuwar masallaci. Man gyaɗa a ƙauyenmu na mata ne, su ke soya, su daka, su matse, su kai kasuwa, kuma babbarsu a wannan sana'a ita ce Hajja Rabi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar albasa ɗaya a can tsakiyar filin. Ta zo da mata shida suka zauna a gefe. Mai gari ya tambaye ni man da injin zai sha a yini, na faɗa. Hajja Rabi ta yi lissafi da yatsunta, ta juya ta yi magana da matan, sannan ta ce in an haɗa gyaɗar kowane gida, an bar ta iri kawai, an kuma kai wata wurin mai matse mai da raƙumi, za a iya ciyar da injin sati shida. Amma fa miya za ta koma ba mai, kuma babu mai zuwa kasuwa. Ta ce sun yarda, sai dai suna so su ji daga bakina: ruwan zai ishi kowa?

Na san amsar tun ina kan mota daga Sinja. Tsohon injin rabin ruwan sabon yake bayarwa, kogi kuma ya yi ƙasa. Ayaba tana shan ruwa fiye da kowace shuka a gaɓar. Na ce in an raba biyu, duka biyun za su mutu. Ko ayabar Yaya Dauda, ko albasar gidaje talatin.

Kowa ya juya wajen Yaya Dauda. Injin nasa ne, gaɓar tasa ce, bututun nasa ne, magudanar ma ta cikin lambunsa ta bi. Da ya ce a'a, babu mai ikon cewa komai. Ya ɗago ya dube ni.

"Haruna, ka tabbata? Ko kwana ɗaya cikin bakwai ba ta samu?"

Na ce, "Yaya, kwana ɗaya ba zai raya ta ba, kuma zai kashe gonakin ƙarshe."

Ya juya wajen matan. "Hajja, man naku na. Ruwan da anka ɗaga da shi, naku na. A kai shi ga albasa."

Ya tashi ya sa takalmansa ya tafi, bai jira addu'ar tashi ba.

Sati shidan nan ban kwana biyu a jere ba tare da na kwance nozul ba. Man gyaɗa yana barin baƙin gawayi a bakinsa, in ya taru sai injin ya fara hayaƙi ya rasa ƙarfi. Kullum da asuba in tayar da kofi ɗaya na jaz, da yamma in kashe da kofi ɗaya, ina auna shi kamar magani. Baƙin man injin ma yakan yi kauri da wuri, sai na riƙa tace shi ina mayarwa. Mata suna kawo man a jarka da kwalabe da tukwane, wani da ɗuminsa, ni kuma in sake tacewa sau biyu, don ɗan tunkuzar da ba ta damun miya tana iya tsayar da inji. Duk ƙauyen ƙarar turmi ne daga safe har yamma. Ƙuli-ƙuli ya yi yawa har awaki suka ƙoshi da shi, miyar kuka kuwa haka ake shan ta fara, ba maiƙo. Hannayen matan nan duk sun yi kanta, wasu sun fashe.

Ruwan yana bi ta tsakiyar ayabar Yaya Dauda yana wucewa. Bugun fartanya ɗaya a gefen magudana ya isa ya juya shi cikin lambun. A sati na biyu babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya yi hakan da tsakar rana. Uban ya gani, ya karɓi fartanyar ya toshe da hannunsa. Daga ranar ya sa aka kawo masa gadon igiya bakin magudanar, yana zuwa in na tayar da inji, ba ya tashi sai na kashe, sai dai salla. Yana zaune da carbinsa, ruwa yana wucewa ta gabansa, ganyen ayaba yana yin rawaya a kansa, yana karyewa yana faɗowa. In na zo wucewa da jarka mukan gaisa, ya tambaye ni lafiyar injin, in ce lafiya lau.

Ba duka muka tsirar ba. A sati na huɗu gasket ɗin da na yanka ya fashe, muka yi kwana biyu da rabi a tsaye kafin in samu abin yanka wani. Gonaki huɗu na can ƙarshen filin, waɗanda ruwa ke isa gare su a makare, ba su farfaɗo ba. Biyu daga masu su suka tafi arewa haƙar zinariya bayan salla, ɗaya har yau iyalinsa suna nan shi yana can. Sauran albasar ta yi, ba ta yi girman ta kowace shekara ba, amma ta yi, kuma ta tarar da kasuwa mai kyau don ta yi ƙaranci a ko'ina.

Ranar da aka yi ban ruwa na ƙarshe, na kashe injin da hantsi, na fara tattara kayana. Saura jarka ɗaya ta man gyaɗa ba a buɗe ba. Na ɗauka zan kai wa Hajja Rabi, don na san gidaje da yawa sun yi wata ba su ga mai a tukunya ba. Sai na gan ta tana saukowa gaɓar da sandarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya ta dubi lambun. Ayabar duk ta bushe, Yaya Dauda ya fara sare ta da adda, ya kai rabin layin farko.

Ta ce, "Usta, tushen wanga abu yana mutuwa duka?"

Na ce wanda ke kusa da magudana wataƙila yana da sauran rai, don ƙasar wurin ba ta rasa danshi ba.

"To mayar da jarkar. Mun yi magana da mata."

Kofi biyu na jaz suka rage mini, daidai na tayarwa da na kashewa. Na tayar. Yaya Dauda ya ji ƙarar injin ya ɗago, ya ga Hajja Rabi ta karɓi fartanya a hannun wani tana sarar gefen magudana da kanta. Ya ajiye addar. Bai ce a bari ba, bai kuma yi godiya ba. Ya tattare wandonsa ya shiga cikin lakar yana gyara wa ruwan hanya daga tushe zuwa tushe. Jarkar ta kai mu har bayan la'asar.

Layi uku ne suka tsiro, cikin lambun da a da sai ka ɓace a cikinsa. Da su ya riƙe har damina ta sauka. Bai sake mayar da lambun yadda yake ba, sauran filin lemun tsami ya dasa, wanda ba ya shan ruwa sosai. Bayan shekara guda, nonon ayaba na farko da ya ƙosa, shi da kansa ya sare shi, ya saɓa a kafaɗa duk da shekarunsa, ya ratsa ƙauyen da shi har ƙofar gidan Hajja Rabi. Ya yi sallama, ya ajiye a zaure, ya juya tun ba ta fito ba. Ita kuma ta zauna ta rarraba shi gida-gida, duk inda aka daka gyaɗa. Gidana guda huɗu aka kawo.